Mai Tauri Ko Mai Laushi: Shekara Shida Ina Sa Kontak Lens A Teburin Gyaran Waya

Sana'ata gyaran waya ce, a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Wanda bai taɓa zama a teburin mai gyara ba zai ɗauka hannu ne ke aikin, alhali ido ne. Akwai sukurun cikin waya da bai kai ƙwayar gero ba, akwai layin fanel, wato allon cikin waya, da ya fi gashin kai siranta, kuma in ka ɗiga dalma inda ba wurinta ba, wayar mutane ta tafi ke nan, sai biya. Ni kuwa Allah ya jarrabe ni da raunin gani tun ina aji biyu a sakandare. Na daɗe da tabarau, sannan na koma kontak lens, wato ɗan madubin gani da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido kai tsaye: na yi shekara biyu da rabi da mai laushi, yanzu kuma shekarata uku da rabi da mai tauri. Abokan sana'a sun sha tambayata wanne ya fi, musamman idan suka ga na juya baya na ja gefen ido wani abu ya faɗo tafin hannuna kamar ɗan dabo. A tsaye ba na iya ba su amsa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abin da ya raba ni da tabarau ba gayu ba ne. Madubin ƙara girman da muke leƙa fanel da shi yana da bakuna biyu, kullum gilashina na karo da su. In bazara ta yi, gumi ya sa tabaran ya dinga zamewa zuwa kan hanci daidai lokacin da hannuwana biyu ke riƙe da aiki. Babban abin kuma shi ne idona na hagu. Duk shekara sai an canza mini lamba, gilashin ya ƙara kauri, amma ganin bai taɓa washewa ba. Kowane harafi yana da inuwa a ƙasansa. Idan na rufe idon dama na kalli wata, uku nake gani, ɗaya a kan ɗaya. A gida har tsokanata ake yi wai kada a kuskura a tura ni duban watan Sallah.

A farkon 2019 na fara da mai laushi. Ranar da aka sa mini ba zan manta ba. Abu ne kamar jiƙaƙƙen ɓawon albasa, faɗinsa wajen milimita 14, yana rufe baƙin ido gaba ɗaya har ya ɗan hau kan farin. Na yi ta ƙifta ido ina jiran zafi, shiru. Kafin minti goma na manta da shi. Na fito bakin titi na ga duniya ba firam a gefe, na waiga hagu da dama ba tare da juya wuya ba, na ce a raina ashe haka mutane ke rayuwa. Irin na wata guda aka ba ni, wanda ake cirewa da dare a jiƙa a ruwan maganinsa, in ya cika kwana 30 a yar.

Ba zan ci amanarsa ba, yana da daɗi. Na koma buga ƙwallo ranar Lahadi, abin da na bari tun da aka taɓa fasa mini tabarau a fuska. Ina shiga a-daidaita-sahu iska na bugun fuskata, ba abin da ya dame ni, domin gefensa a manne yake da ido, ƙura ba ta samun ƙofar shiga ƙarƙashi cikin sauƙi. Har uwargida ta gano cewa in yana idona albasa ba ta sa ni hawaye, daga nan yankan albasar ranar suna ya zama nawa. Wani masanin sinadarai ne a birnin Prague na ƙasar Czech, Otto Wichterle, ya fara haɗa irinsa a 1961, a gidansa, da ƙarafan wasan ɗansa da dinamon keke, sai a 1971 kamfanin Bausch & Lomb ya fitar da shi kasuwa a Amurka. A matsayina na mai haɗa-haɗe, wannan labarin yana burge ni.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Idona ba zagayayye ba ne sosai, yana da karkata, abin da likitoci ke kira astigmatizim. Lens mai laushi na masu irin wannan ido dole ya zauna a kusurwa guda, an ɗan yi masa nauyi ko siranta a wani gefe don kada ya juya. A idon dama yana zama lafiya. A hagu kuwa, ƙiftawa ɗaya gani ya washe, ƙiftawa ta biyu ya koma dishi-dishi. Ga shi karkatar hagun ta wuce 3.50, alhali yawancin na kanti a 2.25 ko 2.75 suke tsayawa. Sai na koma aiki da ido ɗaya ban ma sani ba, sai da yarona na shago ya ce, "Oga, me ya sa kake kanne ido in za ka ɗora cajin fot?"

Sai bushewa. Mai laushi ruwa ne ke riƙe da shi, wani ma fiye da rabin jikinsa ruwa ne, kuma in ya rasa, daga hawayenka zai ja. Ni kuma ga injin hura iska mai zafi a gabana, ga fanka a kaina, ga hayaƙin dalma, ga shi mai kallon ƙaramin abu ba ya yawan ƙiftawa. Kafin la'asar sai in ji kamar an liƙa mini leda a ido. Da azumi abin ya fi tsanani.

Laifin da ya fi girma dai nawa ne, kuma zan faɗe shi don wani ya tsira. Na fara ja wa na wata guda rai zuwa sati shida, wani lokaci bakwai, tun da a ido lafiyarsa ƙalau. Ruwan magani in ya yi ƙasa, maimakon in zubar da na jiya in zuba sabo, sai in ƙara a kai. Wata rana muka je ɗaurin aure Kaduna, na manta kwalbar a gida, na ɗauraye mazubin lens ɗin da fiya wata, washegari kuma gajiya ta sa na kwana da lens ɗin a ido. Na farka da asuba idon dama ya yi jawur, hawaye na zuba, hasken fitilar waya kaɗai kamar an soka mini allura. Na so in tsaya kemis in sayi maganin apolo. Allah ya taimake ni wana ya ce, "Wuce asibiti, wannan ba apolo ba ne."

Gyambo ne ƙarami ya fito a kan koniya, wato fatar nan garai-garai da ta lulluɓe baƙin ido. Aka ba ni maganin ɗigawa duk bayan awa guda, har cikin dare, aka hana ni lens na sati uku. A nan likita ya yi mini karatun da ya kamata in nema tun farko. Koniya ba ta da jijiyoyin jini, daga iska take shan iskar oksijin ta cikin hawaye. In ka rufe ta da lens sannan ka rufe ido ka yi barci, ka toshe mata numfashi sau biyu, ƙwayoyin cuta kuma sun samu ɗumi da laima. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kwana da lens yana ninka haɗarin kamuwa sau shida zuwa takwas. Ruwa kuma, ko na famfo, ko na rijiya, ko na 'yan garuwa, ko na leda, yana iya ɗauke da wata ƙwaya mai suna Akantamiba, wadda ba ta yi maka komai in ka sha, amma in ta maƙale tsakanin lens da ido tana iya cin koniya har ta bar hakiya. Mai laushi ya fi saurin riƙe irin waɗannan, don kamar soso yake. Ni tawa ta zo da sauƙi, ɗan tabo ne a gefe wanda bai tare gani ba.

Wannan wahalar ce ta zama sanadin alheri. Da na warke, likitan ya ce bai yarda da idon hagun nan ba, ya tura ni a ɗauki taswirar koniya. Na'ura ce mai zobba-zobban haske, ka kafa haɓa ka kalli tsakiya, sai ta fitar da hoto mai launuka kamar taswirar hasashen yanayi. Ta dama kore da ɗorawa. Ta hagu kuwa ga wani jan tabo a ƙasa da tsakiya.

Ya dube ni ya ce, "Malam, kana yawan murza ido tun kana yaro?"

Na ce, "Likita, ai har duka na sha a kan haka."

Duk bazara idona ƙaiƙayi yake yi, farin ya koma ruwan ƙasa, in yi ta murza shi da bayan hannu har sai na ji daɗi. Yara da yawa a unguwarmu haka suke, ana cewa zafi ne da ƙura, zai wuce. Ya ce sunan abin da ke damuna keratokonus: koniya ta yi siriri ta turo gaba kamar kan tulu, ba ta da santsin da haske zai taru wuri guda. Yakan fara ne a shekarun balaga, kuma yawan murza ido na cikin abubuwan da ake dangantawa da shi. Daga nan na gane dalilin da ya sa in na kalli wata nake ganin uku.

Yadda ya bambanta mini lens ɗin biyu shi ne har yau nake maimaita wa mutane. Mai laushi kamar jiƙaƙƙen ƙyalle ne, in ka shimfiɗa shi a kan dutse mai tudu da kwari, siffar dutsen zai ɗauka. Mai tauri kuwa ba ya lanƙwasa, da siffarsa yake zama, hawaye su cike ramukan da ke tsakaninsa da ido, sai haske ya tarar da fuska mai santsi. Don haka ga ido irin nawa na hagu, zancen wanne ya fi daɗi ma bai taso ba. Ɗaya ne kawai zai iya aikin.

Mai taurin yanzu ba irin na da ba ne da ake yi da robar da iska ba ta ratsawa. Na yanzu iska na wucewa ta jikinsa, kuma ƙarami ne, wajen milimita 9 zuwa 10, bai ma rufe baƙin ido duka ba. Duk ƙiftawa yana ɗan motsawa, sabbin hawaye su shiga ƙarƙashi. Ba a sayensa a kanti kamar kati. Sai an gwada maka na gwaji, a ɗiga wani rini ruwan ɗorawa, a haska shuɗin haske a ga inda ya taɓa da inda ya bar fili. Sau uku na koma kafin a tsayar da awo, sannan aka aika waje aka yanko, na jira sati biyar.

Ranar farko kuwa, wayyo. Ka san yadda ake ji in tsakuwa ta faɗa ido? To haka, sai dai wannan da kuɗinka ka saya. Hawaye har gemu. Ba koniyar ce ke jin zafin ba, fatar ido ta sama ce ke karo da bakin lens ɗin duk ƙiftawa. Aka ce in fara da awa biyu, kullum in ƙara ɗaya. Na yi kwanaki ina tafiya da haɓa a sama, ido a lumshe, don in na kalli ƙasa-ƙasa ya fi sauƙi. Maƙwabcina a kasuwa ya ce tun da na sayi sabon ido na fara girman kai. A kwana na huɗu na mayar da shi mazubi na ce na haƙura, asarar kuɗi ai ba a kaina aka fara ba. Hajiyarmu ce ta ce, "Kai da ka iya zama awa uku a kan waya ɗaya, sati biyu ne zai gagare ka?" Wajen kwana goma sha biyu na lura na yi sallar azahar na dawo ban tuna da shi ba. Cikakken sabo sai da na kusa wata.

Amma gani! A wannan fagen ko kusa ba a haɗa su. Na ɗauki fanel na karanta lambar da ke kan ƙaramin aisi, ɗan ƙanƙanin abin da ke manne a jikinsa, da ido tsirara, abin da da sai na kai shi ƙarƙashin madubi. Bishiyar dogon-yaron ƙofar gidanmu, wadda na sani a matsayin koren dunƙule, ashe ganye ɗai-ɗai ne da ita, kowanne da tsaginsa. Daren sha huɗu na fita tsakar gida na rufe idon dama: wata ɗaya tak. Kuma ganin ba ya rawa, yadda yake da safe haka yake da magariba. Bushewar la'asar ɗin nan ma ta ragu ƙwarai, don shi ba ya shan ruwan ido.

Inda ya gaza shi ne hunturu, kuma gazawa ba ƙarama ba ce ga mazaunin Kano. Tun da yana motsi kuma gefensa a ɗan ɗage yake, ƙwayar ƙura ɗaya in ta shige ƙarƙashi, sai ka tsaya cak duk inda kake. Ya taɓa kama ni ina tsallaka titin Zoo Road, ido ya rufe kansa, hawaye na zuba, masu mota na ta oda. Ba abin yi sai ka samu gefe, ka wanke hannu, ka cire, ka ɗauraye, ka mayar. Daga Disamba zuwa Fabrairu ba na fita sai da baƙin gilashi mai rufe gefe da gefe, kuma ranar da hazo ya sauko sosai, da tsohon tabarau nake zuwa kasuwa, sai na shiga shago na ja ƙofar gilas sannan in sa. Nan ma akwai ɗan cikas: in ka cire mai tauri ka mayar da tabarau, gani yakan yi hazo-hazo na ɗan lokaci. Da dare kuma fitilun mota sukan yi mini kambi a gefe, don baƙin tsakiyar ido yana buɗewa a duhu ya kusa kai bakin lens ɗin.

Yana kuma faɗuwa. Sau ɗaya ya zame ya koma kan farin ido can sama, na tsorata na ɗauka ya wuce bayan ido, ashe ba hanya, akwai fatar da ta toshe wurin. Sau ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin tiren sukurori, muka yi rabin awa da yarona muna nema da tocila. Na ukun ni na fasa shi, na matse shi tsakanin yatsu wajen wanki, ya ce ƙas. Sati biyar na yi ina lalube da ido ɗaya kafin wani ya iso. Tun daga ranar na sa aka yanko mini na ajiya. Ƙwallo kuwa ba na shiga da shi.

Batun kuɗi, a farko mai laushi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai shi kamar haya ne, wata na ƙarewa kana sake biya. Mai tauri kuɗinsa a dunƙule yake, da na awo da na yanka, amma in ka kula da shi yana kai ka shekara ɗaya zuwa biyu. Na idon dama ya haura biyu kafin ya karce. Da aka saki Naira a watan Yunin 2023 komai na waje ya tashi, na gode Allah ba kwali nake saye duk wata uku ba. Wahalata ɗaya ruwan wankinsa. Nasa daban ne, ni wani mai suna Boston nake amfani da shi, kuma ba kowane shagon tabarau ke ajiye shi ba, don masu sa mai tauri ba su da yawa. In na samu, biyu nake ɗauka.

Ana yawan tambayata alwala. Fuska aka ce a wanke, ba cikin ido ba, don haka ina rufe ido sosai, in na gama in tsane gashin ido kafin in buɗe. Wanka kuwa kafin in sa nake yi. Hannu dole ya bushe kafin ya taɓa lens, kuma mazubi ana canza shi duk wata uku, ba a jira ya yi kanta. Masu kwalli, lens ake fara sawa, kuma a rage zizara shi ta cikin fatar ido, don yana taruwa a jikin mai laushi ya ɓata shi. Ƙailula ma barci ce: ko minti ashirin zan kishingiɗa, sai na cire.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne masu launin nan da ake sayar wa amare a Instagram, a sa wa yarinya a wurin kwalliya da hannun da ya gama shafa hoda. Ƙanwata ta so sawa ranar kamunta, ruwan toka wai. Na nuna mata hoton idona na ranar Kaduna, ta fasa. Shi ma lens ne mai laushi, duk dokokin nan suna kansa, kuma ido ba girma ɗaya ba ne da za a ce kowa ya sa awo guda.

In mutum ya ce in zaɓa masa, sai in tambaye shi abu biyu: me awon idonsa ya nuna, kuma ina yake yini. Wanda matsalarsa rashin hangen nesa ce kawai, idonsa zagayayye, yana yawo a babur ko yana aiki a fili, ko kuma jefi-jefi yake so ya sa, ya ɗauki mai laushi, in da hali irin na kwana ɗaya da ake yarwa da dare, ba wanki ba mazubi. Ni ma ina ajiye kwali ɗaya na irinsa saboda ƙwallo, na haƙura da rabin ganin hagu na awa biyu. Mai tauri ba ya son a yi masa fashi, in ka bar shi sati biyu sai ka sake sabo. Amma wanda lambarsa ke canzawa duk shekara, yana ganin inuwa a jikin haruffa, tabarau ba ya gamsar da shi, ya nemi a ɗauki taswirar koniyarsa kafin ya kashe ko sisi. A arewa muna da manyan wuraren ido, irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ya tambaya a nuna masa inda ake yi. Ya kuma sani lens ba ya tsayar da keratokonus, gani kawai yake gyarawa. Abin da ke tsayar da shi wani aiki ne da aka fara a Dresden ta Jamus, ana jiƙa koniya da bitamin B2 a haska mata haske na musamman don ta yi ƙarfi. Nawa an auna sau uku a jere bai motsa ba, shi ya sa ba a yi mini ba, kuma an kafa mini doka: ko ƙaiƙayi zai kashe ni, magani zan ɗiga, ba murza.

A zuwana na ƙarshe likita ya gwada mini wani iri, mai tauri ne amma babba, ya fi mai laushi faɗi. Ba ya taɓa koniya sam, a kan farin ido yake zama, ana cika shi da ruwan gishiri na asibiti kafin a kifa shi. Na yi minti arba'in da shi, ban ji bakinsa ba, kuma ya ce ƙura ba ta samun hanyar shiga. Da ya faɗi kuɗin sai na yi dariya na ce a ba ni tsohona. Na dai buɗe masa asusu a shago, wata tsohuwar gwangwanin madara a bayan kwalin sikirin, duk gyaran da ya wuce yadda na zata ina jefa wani abu. Yau da safe hazo ya rufe gari har ba a hango gadar Dangi sosai, don haka mazubin yana aljihun gaban rigata, tabarau a hanci, sai na isa kasuwa.